Dorugu Kwage Adamu: Yaron Dambanas da Ya Koyar da Hausa a Ingila

Gabatarwa

A tarihin nazarin harshen Hausa akwai sunayen da kowane ɗalibi yake haddacewa tun shekararsa ta farko a jami'a, wato Schön da Barth da Robinson da Bargery. Su ne suka wallafa littattafan nahawu da ƙamusoshin farko cikin rubutun boko, kuma sunayensu ne a bangon littattafan. Sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ya sha Hausa a nono. Kowannensu ya zauna ne gaban wani Bahaushe, ya kasa kunne, ya yi tambaya, ya rubuta abin da ya ji. Daga cikin Hausawan da suka yi wannan aiki, wanda labarinsa ya fi fitowa fili shi ne Dorugu Kwage Adamu, yaron da aka kama bawa yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ya ga Kukawa da Sakkwato da Tambutu, ya ƙetare hamada da teku, ya zauna Ingila kusan shekara tara, sannan ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana malamin makaranta a Kano. A bakinsa aka ɗauki kaso mai yawa na Hausar da Turai ta fara karantawa, kuma shi ne ya bar ɗaya daga cikin bayanai mafi daɗewa da wani Bahaushe ya yi a kan Turawan Ingila da harshen Hausa.

Asalinsa da zamanin da ya tashi

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, kudu maso gabashin Tasawa, kudu maso yammacin birnin Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Sunan mahaifinsa Kwage Adamu, makaɗi ne kuma manomi, mahaifiyarsa kuwa Kande. A gidan makaɗi ya buɗe ido, inda kirari da waƙa da sarrafa magana suke cikin sana'ar yau da kullum, kuma wanda ya karanta labaransa zai ga alamar wannan tarbiyya a yadda yake jera zance.

Ƙasar da ya tashi a cikinta ba ta zaune lafiya. Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi hijira zuwa arewa, suka kafa Maraɗi, Tasawa kuma ta kasance ɗaya daga cikin manyan garuruwan da ke tare da su. Daga kudu akwai masarautun daular Sakkwato, waɗanda ba sa ga maciji da Maraɗi da Gobir. Daga gabas Damagaram tana ƙara ƙarfi, tana biyan gaisuwa ga Shehun Borno, kuma bayi suna cikin abin da ake biya. Ƙananan garuruwa irin su Kance da ƙauyukan da ke kewaye da su sun zama kamar ciyawa tsakanin giwaye. Harin bayi ya watsa gidan su Dorugu kamar yadda ya watsa gidaje da yawa a wannan yanki. Aka kama shi, aka kai shi Damagaram, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, inda ake cin babbar kasuwa kowace Litinin, ana sayar da bayi a gefe guda kamar yadda ake sayar da raƙuma da gero a wani gefen.

Haɗuwarsa da matafiya

A daidai lokacin da wannan masifa take faɗa wa yaron, wani ayari yana tahowa daga arewa. A watan Maris na 1850 Turawa uku suka tashi daga Tarabulus da kuɗin gwamnatin Ingila, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan da kuma neman hanyar hana fataucin bayi. Shugabansu Bature ne ɗan Ingila, James Richardson, sauran biyun kuwa Jamusawa ne, Heinrich Barth wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, da Adolf Overweg wanda mutane suke kira Tabib saboda maganin da yake bayarwa. Sun biyo ta Murzuk da Gat da ƙasar Abzin, suka iso Damargu a watan Janairu na 1851, inda suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, Barth da Overweg suka taho Tasawa tare. A Tasawa ne Barth ya fara ganin babban gari na ƙasar Hausa da kasuwarsa da marinarsa da gidajensa masu inuwa, kuma ya rubuta yadda garin ya burge shi. A nan su biyun suka yi bankwana, Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, Barth ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a watan Maris na wannan shekara.

A Kukawa Dorugu ya shiga hidimar Overweg, wanda a lokacin yake binciken Tafkin Cadi da wani kwalekwale da aka ratso hamada da shi gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma. Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, wanda ya ɗan girme shi. Ba a daɗe ba Overweg ya kamu da zazzaɓi, ya rasu a Maduwari, bakin tafkin, a ƙarshen watan Satumba na 1852. Barth ya ɗauki yaran biyu cikin barorinsa.

A watan Nuwamba na 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Hanyar ta bi da su Damagaram, garin da aka fara kai Dorugu a ɗaure, sannan ta ratsa ƙasar haihuwarsa zuwa Katsina. A Wurno suka sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka bi ta Gwandu, garin Sarki Halilu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu a watan Satumba na 1853. Sun yi wata da watanni a can cikin zullumi, domin akwai masu neman ran Barth, kuma Shehu Ahmadul Bakkayi ne ya tsaya masa har suka fita lafiya a 1854. Suka sake komowa ta Sakkwato da Kano zuwa Kukawa. A watan Mayu na 1855 suka kama hanyar hamada ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta. Daga nan jirgin ruwa ya kai su Malta da Marseille, suka ratsa Faransa ta Faris, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba, 1855. Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ba, amma ƙafarsa ta taka ƙasar da fataken Kano da yawa ba su taka ba har tsufansu.

Zamansa a Ingila

Barth ya tafi da yaran Jamus, har Hamburg garin haihuwarsa, sannan suka komo Ingila. Niyyarsa ita ce ya mai da su gida, kamar yadda ya yi alkawari, kuma an shirya musu tafiyar a farkon 1856. Amma akwai wani mutum a Ingila da ya daɗe yana jiran irin wannan dama. James Frederick Schön Bajamushe ne ɗan mishan, an haife shi a 1803, ya yi aiki a Saliyo, kuma ya shiga tafiyar binciken Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayi da ke zaune a Freetown, har ya wallafa ɗan littafin kalmomi da taƙaitaccen nahawu a 1843. Rashin lafiya ya fitar da shi daga Afirka, ya zama limamin asibitin mayaƙan ruwa na Melville a Chatham, cikin lardin Kent. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya ji Barth ya zo da Bahaushe, sai ya nemi ya gan shi, kuma ƙarshen al'amarin shi ne yaran ba su tafi ba, suka koma gidan Schön da zama. Wannan ya ɓata wa Barth rai ƙwarai, ya kuma haddasa rashin jituwa tsakanin Jamusawan biyu wadda ba ta warke ba.

An yi wa yaran baftisma. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Dorugu kuma James Henry Dorugu. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna har 1864.

Ingilar da ya zauna a cikinta ita ce ta Sarauniya Biktoriya. Ya iso ana cikin Yaƙin Kirimiya, Chatham kuwa garin ƙera jiragen yaƙi ne, cike da sojoji da ma'aikata da hayaƙin kwal. A garin ne marubuci Charles Dickens ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, kuma a 1856 ya sayi gida a Gad's Hill, tafiyar 'yan mil kaɗan daga inda Dorugu yake zaune. Shekarun ne kuma kimiyyar harshe take kafa ƙafa a Ingila: a 1854 Sigismund Koelle ya wallafa Polyglotta Africana da nahawun Barbarci wanda ya ɗauka a bakin Ali Eisami, wani 'yantaccen bawa ɗan Borno, a 1855 Richard Lepsius ya fitar da tsarinsa na haruffan bai ɗaya don rubuta harsunan da ba a saba rubutawa da boko ba, a 1861 Max Müller ya gabatar da laccocinsa a kan kimiyyar harshe a Landan. Cikin wannan yanayi yaron Dambanas ya koyi Ingilishi, ya koyi karatu da rubutu, ya kuma zama malamin malaminsa.

Yadda suka yi aiki ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa fita tattara bayanai. Dorugu yana magana, Schön yana rubutawa. Ya ba shi tatsuniyoyi da karin magana da labaran ƙasa, ya taimake shi fassara sassan Littafi Mai Tsarki, sannan ya ba shi labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan. Daga wannan zama littattafai suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya: littafin koyon karatu a 1857, nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, littafin karatu a 1877, sai kuma Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi cikakken labarin Dorugu da tarin adabin baka. Saboda waɗannan ayyuka aka ba Schön lambar Volney ta Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Schön bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya ambace shi a littattafansa, amma lambar da digirin ba su bi yaron zuwa bakin Kwara ba.

Turawa a idon Bahaushe

Littafin tafiye-tafiyen Barth, mai juzu'i biyar, ya fito tsakanin 1857 da 1858, kuma a cikinsa akwai zanen Dorugu da Abbega. A wannan littafi Bature ne yake kallon Hausawa da Barebari da Buzaye, yana auna su da ma'aunin ƙasarsa. Labarin Dorugu ya juya madubin. Tafiya ɗaya suka yi, garuruwa ɗaya suka shiga, amma shi daga wajen raƙuma da murhu yake kallo. Abin da ya dame shi shi ne yunwa da ƙishirwa da gajiya, da halin mutanen da suka gamu da su, wane ya kyauta, wane ya cuta. Inda Barth yake lissafin nisan zango da sunayen sarakuna, Dorugu yana tuna abin da aka ci da wanda ya ba da shi.

Da labarin ya iso Turai, sai wannan ido ya koma kan Turawa. Ya bayyana jirgin ruwa da jirgin ƙasa, da sanyin ƙasar, da yadda mutane suke taruwa suna kallonsu. Sashen da ya fi shahara shi ne inda ya kwatanta liyafar cin abinci a gidan Turawan Ingila: yadda ake gayyata, yadda ake zama, kayan da ake ci da su, yadda abinci yake zuwa kashi-kashi, da irin tufafin da matansu suke sawa. Bai yi maganar da kushe ba, bai kuma yi ta da ƙasƙantar da kai ba. Ya ɗauki Turawa a matsayin wata al'umma mai al'adunta, kamar yadda ya ɗauki Larabawan Murzuk ko mutanen Tambutu, wasu al'adun su ba shi sha'awa, wasu su ba shi dariya. A yau jami'o'i suna tura ɗalibai Ingila su yi zangon karatu guda suna nazarin tarihinta da adabinta da al'adunta, su dawo su rubuta rahoto. Dorugu ya yi irin wannan nazari ba tare da manhaja ko malamin da ke duba shi ba, ya kuma ba da rahotonsa da Hausa. Sai bayan kusan shekara casa'in aka sami wani sanannen littafin Hausa a kan ziyarar Ingila, wato Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya biyo bayan tafiyarsa ta 1943.

Matsayin Hausarsa a kimiyyar harshe

Kafin Dorugu an daɗe ana rubuta Hausa da ajami. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, shekarar da Dorugu ya bar Ingila, da sauran malamai sun bar waƙoƙi masu yawa. Amma waƙa tana da ƙa'idojinta: karin waƙa yana tilasta wa mawaƙi ya datse kalma ko ya ja ta, amsa-amo yana sa ya sauya jerin jimla, kalmomin Larabci kuma suna da yawa saboda jigon addini. Zube kuwa malamai da Larabci suke yin sa. Saboda haka mai son sanin yadda talaka yake magana a tsakiyar ƙarni na 19, yadda yake ƙulla jimla da jimla, yadda yake amfani da lokutan aikatau wajen ba da labari, ba shi da madogara mai tsawo da ta wuce abin da aka ɗauka a bakin Dorugu. Wannan ita ce daraja ta farko.

Ta biyu ta shafi karin harshe. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne a kan Kananci a ƙarni na 20. Dorugu kuwa daga arewacin ƙasar Hausa ya fito, daga yankin da karin Daura da na Damagaram da na Katsina suke gogayya. Wanda ya saurari mutanen Tasawa ko na Mayahi a yau zai ji siffofin da suka bambanta da Kananci, alal misali hw a inda Bakano yake da f, kamar hwari maimakon fari, ko na da ta a inda daidaitacciyar Hausa take da ne da ce. Rubutun da ya haura shekara ɗari da sittin daga bakin ɗan wannan shiyya abin aunawa ne: da shi za a iya gane wace siffa ce tsohuwa, wace ce ta shigo daga baya, kuma ina iyakar kowane kari take a wancan zamani.

Ta uku ita ce ta aron kalmomi. Hausar da Dorugu ya tashi da ita ta riga ta sha daga Larabci, ta karɓi kalmomi irin su kasuwa da birni daga Barbarci, da takobi da raƙumi da cokali daga Buzanci. Amma ba ta san tebur da mota da asibiti na Ingilishi ba, ba ta san lakwal da mushe na Faransanci ba, domin waɗannan sai da mulkin mallaka suka kwararo. Ga kuma saurayi a tsakiyar Ingila yana son ya kwatanta abubuwan da harshensa bai taɓa raɗa wa suna ba. Dabarun da ya bi, na kwatance da faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, su ne har yau masu ƙirƙirar sababbin kalmomi suke bi.

Duk da haka akwai hattara da ya kamata mai nazari ya yi. Na ɗaya, tsarin rubutun Schön bai kama dukkan sautukan Hausa ba. Ya dogara ne a kan haruffan Lepsius, kuma kunnensa bai rarrabe baƙaƙe masu ƙugiya daga takwarorinsu yadda ya kamata ba. A Hausa kuwa wannan bambanci shi ne ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kare da ƙare. Haka nan karin sauti da tsawon wasali, waɗanda suke raba gadon kwana da gadon dukiya, ko fasa tulu da fasa tafiya, ba su sami cikakkiyar kulawa ba sai a ƙamusun Bargery na 1934. Don haka rubutun ya fi amfani ga nazarin ginin jimla da ginin kalma da ma'ana, fiye da nazarin tsarin sauti. Na biyu, mai ba da bayanin mutum ɗaya ne, yaro ne, ya bar gida da wuri, ya zauna cikin Barebari da Larabawa, sannan ya shekara da shekaru nesa da ƙasar Hausa. Na uku, tsakanin bakinsa da takarda akwai kunnen Bajamushe da alƙalaminsa, kuma a fassarar littattafan addini akwai ginin jimlar wani harshe da yake danne na Hausa. Idan an ci karo da siffar da ba a saba gani ba, tilas a tambaya: ta karin Kance ce, ko ta yaro ce, ko kuskuren marubuci ne? Amsar ba ta samuwa sai an kwatanta da maganar mutanen yankin. Abin lura shi ne, duk da waɗannan matsaloli, Bahaushen yau yana karanta labarin Dorugu ya gane shi sarai da zarar ya saba da haruffan, ya kuma ji muryar ɗan'uwansa a ciki.

Dawowarsa da ƙarshen rayuwarsa

Dorugu ya komo Afirka ta Yamma a 1864, yana da kimanin shekara ashirin da huɗu, da Ingilishi a bakinsa da boko a hannunsa, a zamanin da masu wannan ilimi a ƙasar Hausa ba su taka kara sun karya ba. Ya yi aikin tafinta. Barth ya rasu a 1865, Schön a 1889. A Ingila kuwa irin da suka shuka tare ya ci gaba da tsiro: an kafa Ƙungiyar Hausa a 1891, Charles Henry Robinson ya zama malamin Hausa a Jami'ar Cambridge, ya wallafa ƙamusunsa, ya kuma sake fitar da Magana Hausa a 1906 domin jami'an mulkin mallaka masu koyon harshen. Ta haka maganar da yaro ya yi a wani ɗaki a Kent ta zama darasin waɗanda suka zo mulkin ƙasarsa.

A ƙarshen rayuwarsa ya zauna Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, Dorugu kuma yana cikin waɗanda suka koyar a cikinta. Dattijon da ya koya wa Bature Hausa yana saurayi, sai ga shi yana koya wa 'ya'yan Hausawa rubuta harshensu da haruffan Bature. Ya rasu a Kano a 1912. Matar Vischer, Isabelle, ta rubuta labarin rasuwarsa a littafin tunawa da zamanta a Arewa, ta kuma ambaci kayan da aka tarar ya adana shekara da shekaru, har da tabarau da gwangwanaye da tsabar kuɗi. A wannan shekara ce Vischer ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa, waɗanda suka zama tushen tsarin da aka yi ta gyarawa: aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya.

Sunansa ya sake fitowa a 1971, lokacin da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka wallafa West African Travels and Adventures a maɗaba'ar Jami'ar Yale. Littafin ya ƙunshi fassarar labarin Dorugu zuwa Ingilishi tare da sharhi, da kuma labarin Maimaina Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Haka zuriyar abokin tafiyarsa ta sake haɗuwa da shi a cikin bango ɗaya.

Kammalawa

Rayuwar Dorugu ta ɗora wa ɗalibin harshe tambayoyi biyu. Ta farko ta haƙƙi ce: idan mutum ya ba da kalmomi da jimloli da labarai, wani kuma ya rubuta ya tsara, na wane ne littafin? A yau ƙa'idar bincike ta tanadi a nemi yardar mai ba da bayani, a faɗi sunansa da garinsa da shekarunsa idan ya amince, a kuma mai da masa sakamakon aikin. Wanda zai shiga ƙauyukan Mayahi ko na Tasawa da na'urar ɗaukar magana yana zaune ne a mazaunin Schön, tsohuwar da za ta ba shi tatsuniya kuma tana mazaunin Dorugu. Ta biyu ta aiki ce. Magana Hausa yana nan, Kance tana nan, hanyar mota ta haɗa ta da Tasawa da Damagaram. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala digiri zai iya ɗaukar shafi ashirin na labarin Dorugu, ya mai da su cikin ƙa'idar rubutu ta yau, ya karanta wa dattawan yankin, ya rubuta inda suka ce haka ake faɗa da inda suka ce ba su san wannan ba. Daga jerin nan biyu za a ga abin da ya sauya a Hausar yankin tun 1856, da abin da kunnen Schön ya kuskure, da abin da yaron Dambanas ya riƙe daidai duk da nisan da ya yi da gida.